Layin da Afra Ta Buga

Asabar, da hantsi

Yau na buɗe laftof ɗin. Tun da na dawo gidan Baba a Gashuwa yake kwance a ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon zani, ko kallonsa ban yi ba. Allura nake nema na ci karo da takardun Malam Madu a jakata, ragowar littafinsa na tarihin tashar jirgin ƙasan Nguru da muke buga masa a shago. Ashe da su na taho ranar da na taho. Dattijon nan da hannunsa mai rawa ya rubuta su, kuma ba shi da wasu. Na ce to, amanar mutane ce, bari in buga in huta.

Na sa masa caji a solar Baba, na kunna datar waya, na shiga fayil ɗin. A intanet yake, mu biyu ke shigarsa, ni da mijina Baban Afra, kowa ta kwamfutarsa. Ban ko gyara zama ba sai na ga ruwan hoda yana tafiya a kan rubutun.

Shi ne. Yana ciki.

Na rufe laftof ɗin da ƙarfi har Gogo, yayar Baba, ta ɗago daga wajen bandar kifinta ta ce, "Ke Wasila, kunama ce?" Na ce a'a Gogo, caji ne ya ƙare. Cajin kuwa yana nan da sauransa.

Lahadi, bayan la'asar

Bari in rubuta abin yadda yake ko kaina ya daina juyawa.

Baban Afra ba ya iya karatu a kwamfuta sai da maus a hannu. Layin da yake karantawa sai ya danna, ya ja, rubutun ya yi launi, ya saki, ya sauka na ƙasa ya sake ja, kamar mai bin karatu da yatsa. Shi a wajensa shuɗi yake gani. Ni a tawa kwamfutar ruwan hoda yake fitowa, da sunansa ɗan mitsitsi a sama. Ranar da na fara gani dariya na yi har da riƙe ciki. Ƙaton Bamange da gemunsa, kwamfuta ta rasa launin da za ta ba shi sai na ɗankwalin amarya! Ya ce ai nawa kore ne a wajensa, launin gansakukar kogin garinmu, daidai da 'yar masunta.

Sau nawa na yi masa faɗa a kan ɗabi'ar nan? Na ce wata rana kana kame da rubutun mutane hannunka zai taɓa kibod, komai ya tafi. Alhali shi da bakinsa ya koya mini, farkon zuwana shagon ina amarya. Ya ce, "Kwamfuta ba ta taɓa abin da ba ki kama ba. Amma in kin kama, duk maɓallin da kika danna shi zai zauna a madadinsa." Ya koya wa wani, shi bai ji ba.

Ba ya ganina. Sikirin ɗin shagon ƙarami ne, idonsa kuma ba ƙarfi, don haka kullum yana ɓoye saman shafin inda hoton wanda ya shigo yake fitowa. Muddin ban danna cikin rubutun kusa da shi ba, bai san ina nan ba. Shi ya sa ban buga takardun Malam Madu ba, da na fara zai gani.

Yau na kalle shi yana karanta babi na biyu daga farko har ƙarshe. Hannuna yana kan cinyata.

Litinin, da azahar

Ya bar rabin layi a kame ya tsaya cak. An kira salla a masallacin bakin tasha ke nan. Na tashi ni ma na yi alwala.

Laraba, bayan la'asar

Baba ya kira mu rumfa ni da Gogo. Yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, bai ɗago ba. Ni ba zai tambaye ni irin wannan magana ba, sai ya tambayi yayarsa.

Ya ce, "Yaya, ina aka kwana a lissafin?"

Gogo ta ce, "Saura gani ɗaya. Da ta ga jinin, idda ta cika."

Ya ja zaren ya ƙulle da haƙori. Ya ce, "To. Saki ɗaya ya yi, ƙofa a buɗe take. Hanya kuma in ruwa ya cinye ta akwai kwalekwale. Ban gan shi ba, ban ga kawunsa ba, ko gaisuwa ban samu ba. In iddar nan ta cika bai mayar da ita ba, wallahi ko shanun kasuwar Kumagannam gaba ɗaya ya koro mini ba zan sake ɗaura masa aure da 'yata ba."

Baba ba ya rantsuwa. Tun da nake ban taɓa jin wallahi a bakinsa a kan maganar gida ba.

Na ce, "To Baba." Me zan ce? A raina na ce oho, ni ma ai ban ce ina so ba, wa ya aike shi? Na shigo ɗaki da wannan ƙarfin hali nawa, na zauna, sai ga ni na buɗe laftof. Ya riga ya tashi.

Alhamis, da hantsi

Na san za a zo nan. Tun ranar Asabar nake kauce wa babi na huɗu, yau shi ya kai ni.

A ƙarshen babin, bayan inda Malam Madu ya gama labarin yadda ake loda shanu a tarago, akwai layi ɗaya:

jjjjkkk;;;aaaffff 7777 mmmmm,,,,lllllljj

Afra ce ta buga. Tana kan cinyarsa ranar, bakinta duk dabino, ta ga yana danne-danne ita ma ta sa hannu biyu ta dinga dukan kibod tana ihu. Na taso zan ɗauke ta, na ce za ta ɓata aikin mutane. Ya ce, "Bar mini sakatariyata, aiki take." Na ce to goge. Ya ce a bari, ranar da za a kai firinta ma goge. Ruwa bai riga ya yi ƙarfi ba a lokacin.

Yau ya kama layin daga farkonsa ya ja a hankali har ƙarshe. Ya bar shi a kame. Maɓalli ɗaya ne tsakaninsa da gogewa. Na zuba ido, na zuba ido, kunun da Gogo ta kawo mini ya huce ya yi fata. Can sai launin ya saki, ya fita daga fayil ɗin.

Ban san yana zuwa nan ba. Wallahi ban sani ba.

Juma'a, da safe

Bai shigo ba. Na san Juma'a ba ya buɗe shago sai yamma. Na sani, amma na duba.

Juma'a, bayan la'asar

Ya shigo. Bai karanta komai ba, kai tsaye babi na huɗu ya wuce.

Asabar, da yamma

Gogo ta kama ni. Ta shigo ba sallama, hannunta duk man kifi, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Wai ni me ke cikin madubin nan da kika daina cin abinci? Fim ne?"

Na ce, "Baban Afra ne, Gogo."

Ta leƙo ta murtuke fuska. "Ina yake? Ni rubutu kawai nake gani."

Na nuna mata launin yana tafiya. Ta kalle ni, ta kalli launin. Ta ce, "Ikon Allah! Dunoman ne ya koma ruwan hoda? To gaishe shi mana."

Na ce ba ya ji, bai ma san ina kallo ba. Ta ce to wannan ai leƙen asiri ne, kuma ga waya a gefena, in danna in ce masa ina kwana, bakina zai zube ne? Na ce shi ya furta sakin, shi zai zo. Ta ce, "Taurin kanmu na Bade da nasu na Manga a ɗaki ɗaya, ni dai na ga ta kaina." Ta juya za ta fita sai launin ya sauka wurin da ya saba. Gogo ba ta yi boko ba amma ta ga wannan layin bai yi kama da sauran ba. Ta ce wannan fa, me ya sa ya tsaya a kansa?

Na gaya mata.

Ta sa yatsa ta taɓa sikirin ɗin daidai kan layin, ta daɗe, sannan ta fita tana goge ido da bayan hannu wai hayaƙin banda ne. Shatin yatsanta na nan a jikin gilashin, ban goge ba.

Litinin, da hantsi

Yau yana cikin fushi. Ina ganewa. In ransa a kwance yake layi-layi yake ja, har ƙarshe, ya ɗan dakata a kan aya. In ransa ya ɓaci sai ya dinga kama sakin layi guda yana saki, ya kama ya saki, ba karatu yake ba. Ko janareta ne ya ƙi tashi, ko wani ɗalibi ya zo yana masa tsiya a kan bugu. Da ina nan da na ce masa tashi ka sha ruwa, ni in zauna.

Wa ke kai masa abincin rana yanzu? In ba a ajiye a gabansa ba sai ya kai la'asar da shayi kawai a cikinsa.

Talata, da azahar

Ba zan rubuta maganar ranar ba. Ruwa ya hau titi, mota ba ta samu ba, jikin Afra kamar wuta, shi ke nan. Abin da na ce masa ranar sadakar uku a gaban 'yan'uwansa na riga na ce. Abin da ya mayar mini shi ma ya riga ya faɗa. Kowa ya ji.

Ba zan rubuta ba.

Alhamis, bayan la'asar

Rahima ta kira, matar Mustapha telan da ke maƙwabtaka da shagon. Bayan gaisuwa ba ta jira na tambaya ba, ta san ba zan tambaya ba. Ta ce ya rame, rigunansa sun yi masa yawa. Ta ce a falo yake kwana, ɗakinmu a rufe yake tun tafiyata. Ta ce 'yan jajayen takalman Afra suna nan a bakin ƙofa inda aka cire su, in yana shara sai ya zagaye su.

Na ce mata netwok na rawa. Ba ya rawa.

Kafin ta kashe ta ce Malam Madu ya zo shagon da sandarsa, jikinsa ya yi sanyi sosai, ya ce a buga masa abin da ya samu haka nan, ba ya so ya tafi bai riƙe littafinsa a hannu ba. Baban Afra ya ce masa akwai takardun da ba sa wajensa. Bai faɗi inda suke ba.

Ke nan ranar firinta ta kusa.

Asabar, da safe

Kai, mutumin nan yana ba ni haushi! Ka iya zama kullum kana shafa layi ɗaya da maus, amma ka kasa zuwa tasha ka hau motar Gashuwa? Nguru da Gashuwa Makka ce? Masu kifi kullum suna zuwa suna dawowa, ruwan bai cinye su ba. Na mayar da ke, kalma nawa ce? Ko ta waya ya faɗa ai ta zauna. Ni ce zan bi shi? Ni aka ce wa in tafi gidanmu. Ya zauna can da gemunsa da ruwan hodarsa.

Asabar, da yamma

Ina kewarsa. Na rubuta, ga shi nan, ba wanda zai gani. Ina kewar tarin da yake yi kafin ya yi magana. Ina kewar ƙamshin takarda in ta fito daga firinta. Ina kewar mu uku a shagon nan da ko juyawa ba a iya yi sai an taka ƙafar wani.

Litinin, da azahar

Bayana ya fara ɗan ciwo. Ban gaya wa Gogo ba.

Laraba, kafin magariba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun safe hadari, solar ba ta ja komai ba, laftof yana ta yi mini gargaɗin caji ina share shi don kada in tashi ya shigo ba na nan. Bayan la'asar ya shigo. Ya kama layin ya tsaya kamar kullum. Ni kuma ban san me ya shiga kaina ba. Ko ciwon bayan nan ne, ko rantsuwar Baba. Na ji ina so in taɓa abin da ta taɓa, tare da shi. Na sa yatsa na danna farkon layin na ja har ƙarshe.

Na san a wajensa kore ya hau kan layin, da sunana a sama.

Ruwan hodar bai motsa ba. Can sai ya saki, ya sake kamawa a hankali, harafi bayan harafi, har ya zo daidai inda nawa ya tsaya. Ya gan ni. Muka zauna haka, ni a nan shi a can, ba wanda ya rubuta komai. Rabona da jin sanyi irin wannan a raina tun kafin damina.

Sai ruwa ya kece. Gogo ta ƙwala kira daga tsakar gida, "Wasila! Kifi! Kifin mutane zai jiƙe!" Na zabura zan miƙe, na dafa, ashe kan kibod na dafa.

Layin ya tafi. Harafi ɗaya ya zauna a wurinsa. A gaban idonsa.

Na san yadda ake dawo da shi, maɓalli biyu ne kawai. Na kai hannu ke nan sikirin ya yi baƙi. Na danna, na danna, na jijjiga shi kamar mahaukaciya. Kifin Gogo ya jiƙe, ni ban ko fita ba.

Na kira shi. Karon farko tun da na taho. Ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Na sake kira, a kashe.

Abin da na shekara ina masa faɗa a kai. Ni. Da hannuna.

Alhamis, da hantsi

Na sa hijabi na kai laftof wajen masu caji a bakin kasuwa, na tsaya a kansu har ya ɗauka. Na shiga inda fayil yake ajiye tsofaffin kwafinsa na dawo da layin. Yana nan lafiya, ko waƙafi bai ɓace ba. Na rubuta a ƙasansa, "Ba da gangan ba ne, hannuna ne ya taɓa."

Saura ya shigo ya gani.

Alhamis, bayan la'asar

Bai shigo ba.

Juma'a, da yamma

Babu.

Asabar, da azahar

Na ajiye kunya na kira Rahima. Ta ce shagon a rufe yake tun ranar Laraba, daga gida sai masallaci. Na ce ta roƙi mijinta ya je ya ce masa kuskure ne, ya buɗe fayil ya duba. Ta sake kirana ɗazu. Ta ce Mustapha ya je, ya faɗa masa. Shi kuwa ya ce, "Ka ce mata ba komai, kada ta damu kanta da ba ni haƙuri. Na gane. Allah Ya ba ta wanda ya fi ni."

Ya gane me? Me ya gane? Wawan Allah, ka buɗe kwamfuta mana!

Lahadi, da safe

Shafin fari fat, ba launi ko ɗaya. Da can ina ganin kallon nan azaba ne. Ashe shi ke riƙe da ni.

Bayan ya ƙaru, har mara. Gogo ta ga yadda nake tashi daga tabarma, ta bi ni da ido.

Lahadi, bayan magariba

Gogo ta shigo ta ce in ba ta takardun dattijon nan. Ta riƙe su ta ja ni har rumfa.

Ta ce wa Baba, "Siddiƙu, kayan mutane ne ya biyo yarinyar nan. Mai su tsoho ne, yana jin jiki. Gobe za mu kai masa Nguru."

Baba ya ce a ba direba mana. Gogo ta ce takardar da ba ta da na biyu ba a ba direba a cikin ruwan nan, kuma ita ce babba, ba shawara ta zo nema ba. Ya kalle ta, ya kalle ni. Baba ba yaro ba ne. Ya mayar da ido kan komarsa ya ce, "Amana kam a kai ta. Maganata tana nan yadda na faɗe ta."

Allah, Ka riƙe mini jikina zuwa gobe.

Litinin, bayan isha'i, Nguru

A ɗakina nake rubuta wannan. Bari in bi shi daki-daki.

Mota ta kai mu har gaba da Jajimaji inda ruwa ya raba titi, aka sauke mu muka shiga kwalekwale. Laftof da takardun suna cikin leda a cikin hijabina. Gogo tana zama ta fara yi wa mai tuƙin faɗa wai bai iya riƙe filafili ba, ita tana 'yar yarinya ta fi shi. Ni ko dariya ban iya yi ba. Duk girgizar da aka yi sai in ji marata ta murɗa, in ce shi ke nan. A ɗaya gefen muka sami wata motar, ta tsaya ta ɗauki buhunan gero, ta tsaya ta sauke awaki. Sai bayan la'asar muka shiga Nguru.

Gida muka wuce. Gogo ta yi sallama da ƙarfi. Ya fito da carbi a hannu. Rahima ba ta faɗi rabi ba, wuyansa har ya yi tsawo. Ya durƙusa ya gaida Gogo, ni bai kalle ni ba. Takalman suna nan. Na zagaye su ni ma.

Na san in na buɗe baki faɗa zan yi. Na zauna a tabarma, na kunna data, na buɗe babi na huɗu, na juya masa laftof ɗin.

Ya daɗe yana kallo. Ya yi tarin nan nasa.

Ya ce, "Na ga korenki ya hau kansa. Na ce alhamdu lillahi, ta zo. Sai na ga ya ɓace. Na ɗauka amsar ke nan."

Na ce, "Gogo ce ta kira ni, na dafa kibod, caji ya ƙare. To kai da ka san hanyar dawo da shi, me ya hana ka?"

Ya ce, "Ke kika haife ta. In kin ce a goge, ni wane ne?"

Nan kukan ya ƙwace mini. Na ce yaya za a yi in goge, yaya za a yi, kai ma ka san ba zan iya ba. Ya ce tun yaushe nake kallonsa. Na ce tun yana babi na biyu. Ya ce shi kullum yana cewa gobe zai hau mota, in ya tuna abin da ya faɗa mini sai ƙafarsa ta ƙi. Na ce ni ma na faɗa masa abin da ya fi nasa. Ya ce a'a. Na ce e. Har mun fara musu a kan wanda ya fi.

Gogo ta buga cinya ta ce, "Kai Dunoma! Ba kallon madubi ya sa na haye ruwa da tsufana ba. Rana na faɗuwa, bayan yarinyar nan yana ciwo tun wancan mako, kuma Siddiƙu ya rantse. In kana da magana ka furta ta yanzu. In babu, mu kama hanya."

Sai a lokacin ya gane. Na ga fuskarsa ta canza. Ya miƙe da gudu ko takalmi bai sa ba, ya dawo da Mustapha tela da awo a wuyansa, da ladanin masallacin bakin tasha. A tsaye, yana haki, ya ce, "Ku shaida, na mayar da matata Wasila." Ya sake faɗa. Zai faɗa na uku Gogo ta ce ya isa, ba kurame ba ne.

Ya kira Baba a gabanmu. Ban ji abin da Baba ya ce ba, na dai ga yana ta durƙusa wa waya.

Talata, da asuba

Ya zo, abin da Gogo ke lissafi. Na gaya mata. Ta ce, "To, ya makara," ta juya ta ci gaba da barcinta.

Asabar, bayan la'asar

Na gama buga ragowar takardun jiya. Yau Malam Madu ya zo shagon, aka ba shi kujerar Baban Afra, ya ɗora haɓa a kan sandarsa yana jiran firinta.

Mun riga mun kwafe layin zuwa wani shafi namu, mun ajiye a wuri biyu. Saura a cire shi daga littafin mutane. Baban Afra ya kama shi, ya ce in danna. Na ce shi ya danna. Muka tsaya, janareta na ta cin mai.

Malam Madu ya ce lafiya? Ya gyara tabarau ya matso. Ya ce wannan wane yare ne, shi bai tuna ya rubuta ba. Ni na gaya masa.

Ya ce, "'Yar nan mai satar mini dabino a aljihu?"

Na ce ita.

Ya ce, "A bayan tashar nan aka haife ta, ko ba haka ba? To 'yar tasha ce. Littafina ne, na ce a bar shi. Saki maus ɗin nan, Dunoma, kafin ka yi mana ɓarna."

Ya saki. Firinta ta fara ja, shafi bayan shafi, ina tsaye ina karɓa ina jerawa. Da aka zo ƙarshen babi na huɗu takardar ta fito da ɗuminta. Na ɗora ta a ƙirjina kafin ta huce.